Babi na Bakwai: Sanya wa Mota Maɓallin Tayar da Inji

Maɓallin tayar da inji ɗan madanni ne da ake kafawa kusa da sitiyari, direba ya taka birki ya danna shi, mota ta tashi ba tare da an murɗa makulli ba. Sababbin motoci da yawa da abinsu suke fitowa daga masana'anta. Amma galibin motocin da ke kai-komo tsakanin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, irin su Golf da Sharon da Vectra da Peugeot 406 da tsofaffin Corolla da Camry, na makulli ne. Mai son maɓalli sai ya sayi na kasuwa a kwali, yawanci ƙirar ƙasar Sin, ya kai wa mai wayarin ya ɗora masa.

Dalilan masu sanyawa sun bambanta. Wani kwalliya yake nema, yana so tsohuwar motarsa ta yi kama da ta yayi. Wani kuwa larura ce ta kai shi: gidan makulli ya cinye, sai an yi ta jijjiga makullin kafin ya juya. A tashoshin mota na yankin ba abin mamaki ba ne a ga direban tsohuwar motar haya ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya kamo wayoyi biyu da aka feƙe bakinsu, ya haɗa su har tartsatsi ya tashi, inji ya kama. Ga irin wannan direba, maɓalli gyara ne na gaske.

Daga handil zuwa maɓalli

Motocin farko da handil ake tayar da su. Mutum zai tsaya a gaban mota ya soka ƙarfe ya juya inji da ƙarfin damtse, kuma idan inji ya mayar da bugu yakan karya hannu. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki, wadda injiniya Charles Kettering ya ƙirƙiro. Shekaru da dama bayan haka makulli wuta kawai yake buɗewa, direba kuma ya danna maɓalli a dashbod ko ya taka wani ɗan ƙarfe a ƙasa kafin sitata ta juya. Kamfanin Chrysler ne a 1949 ya yaɗa tsarin da aka saba da shi yanzu, inda murɗa makulli ɗaya ke buɗe wuta ya kuma tayar da inji. A ƙarshen shekarun 1990 maɓalli ya dawo da sabon salo, lokacin da Mercedes-Benz ya sanya wa manyan motocinsa na S-Class tsarin da ke gane mai mota ta hanyar wani ɗan kati da ke aljihunsa. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu, masu ƙera kayan kasuwa kuma suka kwaikwayo shi domin tsofaffin motoci.

Ayyuka uku na makulli

Ba a fahimtar aikin sanya maɓalli sai an san abin da makulli yake yi, domin duk aikin da aka karɓe daga hannunsa dole a samo wanda zai ɗauke shi. Ayyukan uku ne.

Na farko shi ne raba wuta bi da bi. A bayan gidan makulli akwai makunni mai matakai huɗu, waɗanda aka rubuta a jikinsa da LOCK da ACC da ON da START. A matakin farko komai a kashe yake. Na biyu yana ba rediyo da wurin cajin waya wuta. Na uku yana kunna famfon mai da kwayil da ƙwaƙwalwar mota da fitilun dashbod. Na huɗu yana aika wuta zuwa silinoyid ɗin sitata, wadda makanikai suka fi kira kik, kuma da zarar an saki makulli sai sifirin ya mayar da shi mataki na uku. Yayin da sitata take juyawa, makunnin yana yanke wutar rediyo da fankar iska na ɗan lokaci, domin ƙarfin batir duka ya tafi wurin tayar da inji. Sitata tana jan wuta mai yawa, amfiya 100 zuwa sama da 200 a ƙananan motoci, shi ya sa take da tata ƙatuwar wayar daga batir kai tsaye. Wayar da ke fitowa daga makulli umarni kawai take kai wa silinoyid.

Na biyu shi ne kulle sitiyari. Idan aka zare makulli, wani ɗan harshen ƙarfe yana faɗawa cikin ramin sandar sitiyari ya hana ta juyawa. Wannan aikin ƙarfe ne zalla, babu ruwansa da lantarki.

Na uku shi ne shaidar mai mota. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna a 1975, yankan haƙoran makulli shi ne shaidar gaba ɗaya. Daga baya aka ƙara na'urar hana sata da ake kira imobilaiza: a cikin baƙar robar kan makulli akwai 'yar ƙwayar lantarki, a bakin gidan makulli kuma akwai zobe da ke karanta lambarta. Idan lambar ba ta dace ba, sitata za ta iya juyawa amma ƙwaƙwalwar mota ba za ta saki mai ko wuta ba. Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci a 1998, don haka yawancin motocin Beljiyam da ake shigowa da su Nijeriya suna ɗauke da ita.

Ire-iren maɓallan kasuwa

Mafi sauƙi shi ne maɓalli tsura. Makulli yana nan yana aikinsa, direba ya murɗa shi zuwa mataki na uku, sannan ya danna maɓalli sitata ta juya. Wannan mataki na huɗu kaɗai ya karɓa, bai taɓa kullin sitiyari ko imobilaiza ba, kuma shi ya fi dacewa da motar da makullinta ya daina kai wuta ga sitata.

Na biyu yana zuwa da ƙaramin akwatin sarrafawa da wani ɗan faifai da ake ratayawa a jikin makullan gida. Direba ya kara faifan a kan zoben da aka ɓoye a dashbod, akwatin ya gane shi, maɓalli ya farka.

Na uku shi ne cikakken tsari mai rimot. Ana shimfiɗa eriya biyu ko uku a cikin mota, waɗanda ke jin rimot idan mai shi ya matso, ƙofofi su buɗe da kansu, maɓalli ya karɓi umarni. Da yawansu suna iya tayar da inji daga nesa. Na biyu da na uku suna maye gurbin makulli baki ɗaya, saboda haka a kansu ne batun sitiyari da imobilaiza yake tasowa.

Shiri da gano wayoyi

Kayan aikin da ake buƙata su ne mitar awon wuta, da ayan ɗin like waya da dalma, da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, da salatif mai kyau, da fis da gidansa, da rile, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Kafin a fara, ana auna batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma altaneta tana ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Motar da batirinta ko sitatarta ke da rauni, maɓalli ba zai warkar da ita ba, sai dai a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ana kwance robobin da suka rufe wuyan sitiyari har soket ɗin bayan makulli ya bayyana. Launin waya ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da nasa tsarin, ga kuma motar da ta bi ta hannun masu wayarin uku ko huɗu kafin ta iso. Awo ne yake faɗin gaskiya. Mai aiki zai maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen mota, ya riƙa taɓa kowace waya da jar, yana murɗa makulli mataki bayan mataki. Wayar da ta nuna bolt 12 ko da an zare makulli, ita ce mai kawo wuta daga batir. Wadda ta kawo wuta a mataki na biyu da na uku, ta ɗauke a na huɗu, ta rediyo ce. Wadda ta kawo a mataki na uku ta kuma riƙe har lokacin da sitata ke juyawa, ita ce babbar wayar inji. Wadda ba ta motsi sai a mataki na huɗu, ta sitata ce. Motoci da yawa suna da wayar inji ta biyu, mai ɗaukewa yayin tayarwa, wadda ke ciyar da fanka da na'urar sanyaya mota. Kowace aka gano, sai a naɗa mata ɗan salatif a rubuta sunanta. Daga nan a gangara wurin fedar birki a nemo wayar da ke kawo wuta idan an taka.

Akwai wayoyin da ba a kusantar su. Waɗanda aka naɗe da ruwan ɗorawa ko aka yi wa soket ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kuma taɓa su da ƙwan gwaji yana iya fasa jakar a fuskar mai aiki. Shi ya sa a motocin zamani mita ta fi ƙwan gwaji aminci. Bayan an gama awo, ana cire kan batir mai alamar ragi, a jira 'yan mintoci, sannan a soma yanka da haɗi.

Haɗa wayoyi

A maɓalli tsura, rile ne ginshiƙin aikin. Ɗan madanni ba zai jure wutar da silinoyid ke ja ba, zai yi zafi ya narke. Rile na mota yana da ƙafafu masu lamba: 30 da 87 su ne hanyar babbar wuta, 85 da 86 kuma na ƙaramar wutar da ke ba da umarni. Ana kawo wuta daga wayar batir ta cikin fis zuwa 30, a haɗa 87 da wayar sitata, a ɗaure 85 a jikin ƙarfen mota, sannan a jawo 86 daga babbar wayar inji ta biyo ta cikin maɓalli. Da wannan tsari maɓalli ba ya aiki sai makulli yana kunne. Rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40 ya wadatar.

A tsarin da ke da akwatin sarrafawa, rile suna ciki, kuma kowace waya da ta fito daga akwatin tana da takwararta a soket ɗin makulli: ta batir, ta rediyo, ta inji ta ɗaya da ta biyu, ta sitata, sai ta birki da ta jikin mota. Kuskuren da aka fi yi shi ne musanya wayoyin inji biyu. Idan aka yi haka sitata za ta yi ta juyawa inji bai kama ba, domin wutar kwayil tana ɗaukewa daidai lokacin da ake buƙatarta. Wani kuskuren shi ne barin waya ta biyu babu haɗi, mota ta tashi amma fanka ta ƙi aiki, ko fitilun gargaɗi su cika dashbod.

Wurin da ake haɗa wayar sitata yana da muhimmanci. A mota mai giyar otomatik akwai makunnin da ke hana tayarwa sai giya tana kan P ko N, wasu masu giyar hannu kuma suna da irinsa a kuloci. Idan aka haɗa a bayan makulli, wannan kariya tana nan. Mai wayarin da ya jawo waya kai tsaye zuwa silinoyid don neman sauƙi ya tsallake ta, kuma motar za ta iya zabura cikin giya. Saboda wannan dalili, tayarwa daga nesa ba ta dace da mota mai giyar hannu ba, balle a yankin da direbobi suka saba barin mota cikin giya idan sun ajiye ta a gangare.

Ingancin haɗin kansa shi ne abin da ya fi raba aikin kirki da gyaran gangar Auzinawa. Daminar Kudancin Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma laima tana shiga ko'ina. Hanyoyin ƙauyukan citta na Kachia da Jaba suna girgiza mota ba ƙaƙƙautawa, ƙurar hunturu kuma ta zo ta ɗora nata. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda ko salatif mai araha tana yin tsatsa, ta saki, ta fara zafi, kuma daga nan ne gobarar ƙarƙashin dashbod take farawa. Kowane haɗi ana like shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa. Sabuwar waya ba ta gaza tsohuwar kauri, fis yana zama kusa da inda aka ɗebo wuta, kuma ba a maye gurbinsa da zaren waya. Akwatin sarrafawa ana ɗaure shi a sama, inda ruwan da ke yoyo ta gilas ko ƙafar direba ba za su kai ba, nesa da sandar sitiyari da fedoji.

Sitiyari da imobilaiza

A nan ne haɗari mafi girma yake. Akwatin sarrafawa yana iya tayar da inji alhali harshen ƙarfen da ke kulle sitiyari yana nan a shirye. Motar da sitiyarinta ya datse tana gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos, ko a kwanar gindin dutsen Kagoro, ba ta da sauran dabara. Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai a kwance gidan makulli a cire harshen gaba ɗaya, ko a yanko kwafin makulli a soka shi a murɗa zuwa inda sitiyari ya saki, a datse kansa, a bar guntun a ciki a rufe. Hanya ta farko ta fi tabbas, domin guntun makulli yana iya komawa baya da girgizar hanya. Ko wacce aka bi, motar ta rasa kullin sitiyari, kuma ya kamata mai ita ya san da haka tun kafin a fara.

Imobilaiza ma haka take. Tunda ƙwaƙwalwar mota ba ta sakin mai sai ta ji ƙwayar makulli, masu aiki sukan ciro ƙwayar su manna ta a jikin zoben gidan makulli har abada. Wannan daidai yake da barin makulli a cikin mota dare da rana, domin duk wanda ya iya haɗa waya biyu zai tafi da ita. Abin da ya fi shi ne ɗan akwati na musamman da ake sanya makulli a ciki a ɓoye, wanda ba ya isar da lambar sai akwatin sarrafawa ya gane rimot. Ko da hakan, tsaron motar ya koma kan ingancin kayan kasuwa, kuma araha ba ta ado. Wanda ya zaɓi cikakken tsari yana da kyau ya ƙara ɓoyayyen makunni a kan famfon mai ko sandar kulle sitiyari, kada garin neman gira a rasa ido.

Gwaji bayan aiki

Ba a mayar da robobi sai an gwada komai mota tana tsaye, birkin hannu a ja. A tsarin da ke da akwatin sarrafawa, danna maɓalli ba tare da taka birki ba ya kamata ya bi matakai: rediyo, sannan fitilun dashbod, sannan kashewa. Da birki kuma inji ya tashi. Ana gwada tayarwa a cikin giya don a tabbatar mota ta ƙi. Ana danna maɓalli inji yana aiki don a ji ko sitata za ta sake shiga, domin idan ta shiga haƙoranta za su ci na fulawil. Ana juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe, a tabbatar bai kama ba. Ana kai rimot nesa a ga ko mota za ta tashi babu shi. Akwatuna da yawa suna ba da damar daidaita tsawon juyin sitata, kusan daƙiƙa ɗaya ga injin fetur. Motocin dizal irin su Hilux suna buƙatar jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi domin hita ta ɗumama, musamman da asubahin hunturu a wajen Manchok da Kagoro.

Gwaji na ƙarshe na wutar da akwatin ke sha ne mota tana kashe. Eriyoyinsa ba sa barci. A ƙa'ida, duk abin da mota ke ja a ajiye bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Akwatin da ke shan miliamfiya 30 yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na batir mai amfiya-awa 60 a wata guda, abin lura ga ma'aikacin da ke barin mota a gida Kafanchan ya tafi aiki Kaduna ko Abuja.

Zama da maɓalli

Rimot yana aiki da ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci CR2032, kuma ajiye na ko-ta-kwana a aljihun mota ya fi neman sa a ƙauye da dare. Dole mai mota ya nemi a nuna masa yadda zai tayar da ita idan rimot ya mutu ko akwatin ya lalace. Shi ya sa gwanayen masu wayarin ba sa yanke soket ɗin asali, suna barin sa yadda za a iya mayar da makulli cikin 'yan mintoci. Haka kuma direba ya san yadda maɓallinsa ke kashe inji idan mota tana tafiya, domin inji na mutuwa sitiyari yake yin nauyi, birki kuma ya taurare bayan taku ɗaya ko biyu.

Sai batun mantuwa. Mai makulli ba ya fita sai ya zare shi, mai maɓalli kuwa yana iya sauka ya bar inji yana aiki. A rufaffen gareji ko zauren da ke manne da ɗakin kwana, hayaƙin salansa yana kisa kamar yadda na janareta yake yi, babu wari babu gargaɗi. A 2018 jaridar New York Times ta ruwaito cewa sama da mutum 20 sun mutu ta wannan hanya a Amurka tun daga 2006.

Akwai motocin da bai kamata a taɓa su da kayan gama-gari ba. A yawancin ƙirar baya-bayan nan, makulli ba ya ɗauke da babbar wuta, saƙo kawai yake aika wa kwamfutocin mota ta siraran wayoyi, kuma cusa musu bolt 12 yana iya ƙona ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya ninka na maɓallin sau da yawa. Irin waɗannan suna buƙatar kayan da aka ƙera musamman domin samfurinsu, masu soket da ke shiga na asali ba tare da yanka ba, da ma'aikacin da ke da na'urar binciken kwamfutar mota. Ga tsohuwar motar da gidan makullinta ya gaji kuwa, maɓalli tsura da rile ɗaya da fis ɗaya sun isa, ko kuma a sayi sabon gidan makulli a mayar.